Aikin Yayana da Na Goge

Yayana ne ya koya min rubuta umarnin kwamfuta, da rula a hannunsa. Kuskure ɗaya, duka ɗaya, sai ya bi da "jaki". Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

A Djougou yake koyar da ɗalibai a wani ɗaki mai tsofaffin kwamfutoci. Abin da ke riƙe da kwamfutocin wani guntun rubutu ne da ya yi da tsohon yaren kwamfuta, ya sa cikin wani tsarin kwamfuta na kyauta da kowa a duniya ke iya sa wa hannu. Da shi yake taƙama, ko a gidan suna sai ya kawo zancen.

Ni kuwa ina Albarika a Parakou, na koyi sabon yare, har na shiga cikin masu duba aikin da mutane ke turo wa tsarin. Sai aka kawo shawarar sauya kompilata, wato abin da ke juya rubutunmu zuwa abin da inji ke ganewa. Sabuwar ba ta san da zaman tsofaffin injuna ba. Duk rubutun da aka yi dominsu, har da na Yaya, sai shara.

Ya hawo mota ya zo, da ƙullin kilishi. Babba ba ya roƙon ƙaninsa, don haka ya yi ta kewaye-kewaye, lafiyar Inna, tsadar doya. Na cinye kilishin tas sannan na ce, "Yaya, ai ni na kai shawarar a cire naka."

Ya ce, "To, madalla."

Wallahi daɗi na ji.

Ashe da ya koma, zama ya yi ya koyi sabon yaren, da furfurarsa da tabaransa mai kauri. Bayan damina sai ga aikinsa ya shigo, ya sake rubuta komai don injunan su rayu. Kuma a hannuna ya faɗo. Na karanta sau uku ina neman kuskure, babu ko ɗaya. Kai! Haushi ya turnuƙe ni. Na rubuta a inda kowa ke gani cewa mai wannan ya koma aji ɗaya, na rufe.

Bai sake turowa ba. Ɗakin ma an kulle shi, yanzu yana taya surukinsa yankan nama a kasuwa. In mun haɗu gaban Inna, shi ke fara gaishe ni.