Dattijo Mai Rufe Biro

A wata kotun Kumasi, cikin mutum bakwai masu taya alƙali yanke hukunci, wani dattijo Oforiwaa take kallo. Siriri ne mai furfura, da jan ƙyallen makoki ɗaure a hannu. Wataƙila bai daɗe da binne ɗa ba. Uwar mamaci tana sheshsheƙa, shi yana gyaɗa kai, yana ta rubutu. Lauyan ƙaninta, wanda ake tuhuma da kisan, yana miƙewa sai dattijon ya rufe biro, ya harɗe hannuwa.

"Kawu Boakye, dubi tsohon nan!" ta raɗa. "Ko shaidunmu bai ji ba fa!"

"Yi shiru, 'yar nan."

Ina shiru! Ran ƙaninta ake magana, shi kuwa dattijon nasa mamacin yake yi wa shari'a.