Tsumman da Ke Tagar Ɗakin Jego

Ƙarfe biyu da minti ashirin na ranar Laraba yayata ta miƙe za ta ɗauki jaririyarta, sai ta zame ta jingina da bango, ta ce ɗakin yana juyawa da ita. Na san lokacin daidai domin ina ɗaure da agogona na roba, kuma ɗabi'ata ce rubuta komai a bayan littafi.

Kwananta tara da haihuwar fari. An kawo ta daga gidan mijinta a Shagari zuwa gidanmu na Boɗinga don wankan jego. Gwaggo, yayar babanmu, ita ke kula da ita: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, sannan kwanciya a gadon ƙasa da ake zuba wuta a ƙarƙashinsa.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Kananzir ya ɓace, masu risho suka koma murhu, itace ya yi wuya. Bishiyoyin da na saba gani a hanyar Sifawa saura kututture. Ɗan itacen da muke samu a ruwan wanka yake ƙarewa, shi ya sa Baba ya samo gawayi wurin wani maƙeri saboda gadon. Gwaggo ta yi murna, ta ce wuta ce mai kunya, ba ta hayaƙi. A da hayaƙin itace ke tilasta a naɗe asabarin ƙofa. Yanzu da ba abin da ke sa ido hawaye, sai ta sake shi har ƙasa, ta cusa tsumma a 'yar tagar don kada sanyi ya shigi mai jego.

Ina aji huɗu a sakandare, na zo hutu. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa wuta tana shan iska kamar mutum. In ta samu isasshiya, gawayi ya ƙone sarai. In aka shaƙe ta, sai ta fitar da wata iska mai guba, ba launi ba wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Na buɗe littafina na kimiyya, na sake karanta shafin sau uku. Ciwon kai, jiri, barci mai nauyi: duk yayata tana da su, jaririyar ma ta rage kama nono.

Na gaya wa Inna. Ta ce ba ita ke da ɗakin ba, in je in faɗa wa Gwaggo in ina da baki. Ba ni da shi. Ko gaishe ta nake yi, ƙasa nake kallo. Sai na zare tsumman a ɓoye. Kafin la'asar Gwaggo ta mayar da shi, ta ce iska ce ta turo shi.

Amma na lura da wani abu. Gwaggo ma in ta daɗe a ciki sai ta fito tana dafe goshi, tana cewa rashin goro ne. Ranar Alhamis na zauna bakin ƙofa da biro. Ta shiga tara da rabi, ta fito sha ɗaya saura tana dafe kai. Ta zauna gindin dalbejiya, bayan minti arba'in ta ware tana zolayar Inna, ba ta ci goro ko ɓari ba. Bayan azahar haka aka sake yi.

Na je na durƙusa gabanta, na karanta mata abin da na rubuta. Na ce goro bai warkar da ita ba, fitowa ce ta warkar da ita, Yaya da jaririya kuwa ba sa fitowa.

"'Yar boko, ni kika tsare da agogo? Ɗiya nawa na wanke tun ba a haihi uwakki ba?"

Na ce dukkansu da itace ta yi musu wankan, asabari a naɗe. Wannan ce ta farko da gawayi.

Ta ɗaure goronta a bakin zane, ta shiga ɗakin, ta saki asabarin da hannunta. Na tsaya ina duban agogo, ina jin motsin Yaya a kan gado. Minti hamsin ta yi. Da ta fito ta riƙe bakin ƙofa, ta lumshe ido, ta daɗe tana numfashi. Ba ta kwance goron ba.

Na tambaye ta ko in cire tsumman.

"Cire shi, ki naɗe asabarin, ki ɗauko min ɗiyag ga ta sha iska. Gado dai ba a kashe shi, sai kwana arba'in sun cika. Amma daga yau ke ka zuba garwashin, tunda kin san halinshi."