Minti ɗayan Yaya Saude

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Saude, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Kasuwar Daji. Mutane suna tuna ta da fara'a. Ni kam taurin kanta na fi tunawa, da wani ɗan agogo da take maƙalawa a gaban farar rigarta.

A wajenmu, in damina ta kankama, duk yaron da jikinsa ya yi zafi tun daga gida ake yanke masa hukunci: masassarar sauro ce, allura za a yi. Ma'aikacin da ya tsaya bincike kuwa, sai a ce bai san aiki ba. Da wannan tunanin, sama da shekara ashirin da suka wuce, na ɗauko 'yata Asma'u a babur daga ƙauyenmu Banga zuwa asibitin Yaya, tana wata takwas, uwarta na rungume da ita. Sauri nake in koma gona, ciyawa na neman cinye mini gero.

Yaya ta ɗaga rigar yarinyar, ta duba agogo, ta zuba wa ƙirjinta ido. Na ƙosa.

"Yaya, mi kika jira? Yi mata allura mu tahi."

Ko kallona ba ta yi ba sai da minti ya cika. Sannan ta ce, "Matso nan, Sani. Ka ga ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja numfashi? Na ƙirga numfashin, ya wuce hamsin cikin minti guda. Wanga ciwon huhu na. Kaura za ku kai ta yanzu."

Raina ya ɓaci. Na ce boko ya ruɗa ta, yara nawa aka yi wa allura suka miƙe? Ta ce, "Waɗancan ban gan su ba. Wagga ita ag gabana." Ta ba yarinyar maganin farko, ta rubuta abin da ta gani a takarda, ta cusa mini a aljihu.

A Kaura Namoda likita ya karanta, ya saurari ƙirjin Asma'u, nan take aka sa mata iskar numfashi. Kwananmu biyar. Da ya tambayi wanda ya rubuta takardar, na ce yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ƙarfi na faɗa, kamar ba ni ne na gama yi mata rashin kunya ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ɗan gwajin jinin nan na yatsa, da ta yi ta fatan ya wadata, ya kai har ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, kuma na san za ta ji daɗi. Amma za ta sha faɗa da mu, don har yanzu akwai mai ganin gwaji ya nuna ba masassarar sauro ba ce, ya zarce kemis ya sayi allurarsa.

Ba ta bar gida ko gona ba, agogon ma ya daɗe da tsayawa. Abin da ta bari shi ne ɗabi'ar dubawa kafin yanke hukunci, kuma ina alfahari da ita ƙwarai.

Daminar bara Asma'u ta shigo mini da ɗanta, jikinsa zafi rau. Kafin in tayar da babur mu nufi asibiti, na ɗaga rigarsa, na buɗe agogon wayata.

"Baba, mi kaka jira?" in ji ta.

Ban amsa mata ba sai da minti ya cika.