Kifin Igiya

Duk Asabar ɗin da ba ni da aiki nakan bi ta kasuwar Deptford in tsaya gaban teburin mai kifi kamar mai niyyar saye. Ba na saye. Ƙananan nake kallo, waɗanda ake turawa gefen ƙanƙara don ba mai taya su. Mai teburin ya gaji da ni har ya daina yi mini sannu. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa bas a London, amma har yau ƙarnin kifi na iya tsayar da ni a bakin titi ana tsuga ruwa.

A zango na tashi, unguwar Hausawa, a wani garin bakin teku a Gana. Mu 'yan zango ba ma shiga ruwa, mu dai a bar mu da ciniki. Mma, mahaifiyata, takan sayi kifi hannun masunta ta kyafe ta aika arewa. Amma akwai wani kifin da ba a sayensa. Da safe, idan masunta suka zuba taru a teku, sai jama'a su kama doguwar igiyarsa su yi ta ja zuwa tudu. Ƙa'idar guda ce: duk wanda ya kama igiya ya ja har taru ya fito, yana da rabo. Ba a tambayar ko ɗan waye kai. Mai taru zai damƙo ƙananan kifi ya watsa maka a kwano. Shi muke kira kifin igiya. Da shi Mma take yi mana miya, tana cewa ya fi na saye daɗi.

Shekarar da 'yata ta gama sakandare ta tasa ni gaba sai mun je gida. A London aka haife ta, ta koyi iyo a wurin wankan ƙaramar hukuma na Plumstead, kuma ta gano a waya cewa garinmu ya zama wurin shaƙatawa: otal-otal, wanka a teku, har da nutso da tukunyar iska a baya. Ita ta kama mana ɗaki, ni kuma ban musa ba. Ga ni ɗan gari, zan sauka a otal a garin da aka binne cibiyata. A ƙofar otal ɗin aka ɗaura wa kowannenmu warwaron roba shuɗi, wai shaidar mu baƙinsu ne, mu ci mu sha.

Da muka je gaida Mma na same ta ta tsufa fiye da yadda waya take nuna mini. Na baje tsarabar London gabanta, atamfa da turare da man zafi. Ta sa albarka, ta ture su gefe.

"Abu ɗaya nike so," in ji ta. "Ka kawo mini kifin igiya. Tun da ka tafi ban ƙara ci ba."

Na yi dariya na ce wannan ai mai sauƙi ne, gobe ma.

Goben nan sai da ta ci kwana goma sha ɗaya. Yau 'yata za ta yi nutso, in zauna a kwalekwale ina salati har ta ɓullo. Gobe a kai mu kamun kifi da ƙugiya, a ɗauke mu hoto da abin da wani ya kama. Gaskiyar magana kuma, daɗin katifa da sanyin ɗaki sun kama ni. Kullum ina jiyo waƙar masu jan taru ta taga, in ce bari in ƙara minti biyar.

Ranar Litinin, saura kwana biyu mu tashi, na yi sallar asuba na fita da kwanon da na aro a kicin. Na kama igiya tsakanin wata mata mai goyo da wani dattijo. Ƙafafuna suka tuna abin da na ɗauka na manta: a dasa dugadugai cikin rairayi, a kwanta baya, a ja tare da amshi. Kafin awa guda tafin hannuna ya yi bororo, bayana kamar zai ɓalle, amma wallahi rabona da farin ciki irin wannan na manta.

Taru ya fito, kifi na ta tsalle. Na shiga layi da kwanona. Mai taru yana damƙa yana watsawa, har ya iso kaina. Ya dubi takalmina, ya dubi warwaron da ke hannuna, ya washe baki ya miƙo mini hannu.

"Thank you, sir. You enjoy?"

Ya wuce na gaba. Na buɗe baki in yi masa magana da yarensu, wanda da ina yaro har faɗa nake yi da shi, sai kalmomin suka ƙi zuwa. Na tsaya da kwano wayam. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ji haushi. A wurinsa ni baƙon otal ne da ya zo motsa jiki. Me baƙon otal zai yi da ƙananan kifi?

Da na koma ɗaki na sa almakashi na datse warwaron. 'Yata ta ce, "Baba, you can't get breakfast now." Na ce a bar shi. Na ciro tsohuwar riga, na ƙudurta gobe ba takalmi zan je.

Washegari na fito na tarar da bakin teku shiru. Kwalekwale duk suna tudu, masunta na zaune ƙarƙashin bishiyar kwakwa suna ɗinkin taru. Talata ce. Masuntan garinmu ba sa shiga teku ranar Talata, kowane yaro ya san wannan. Ni da na haddace ranakun kwashe shara na unguwarmu a London, na manta.

Abin da na yi bayan nan har yau ina jin kunyarsa. Na je shagon da ake ajiye kifi a ƙanƙara na zaɓi manya guda biyu, don ina ganin uwata ta fi ƙarfin ƙanana. Na zuba a kwano na kai mata.

Mma ta shekara arba'in tana cinikin kifi. Ta taɓa ɗaya da yatsa ta ji sanyi. Ba ta ce yau Talata ba, ba ta ce kifin igiya bai taɓa kai haka girma ba. Cewa ta yi, "Kawo hannunka."

Na miƙa. Ta shafa bororon a hankali da babban yatsanta.

"Ka ja igiya, wannan na gani. Ba su ba ka ba ne?"

"Ba su gane ni ba, Mma."

Ta riƙe hannuna cikin nata. "Kar ka ga laifinsu," in ji ta. "Ni ma ran da ka shigo ƙofar nan sai da na duba sau biyu."

Ta sa aka yi miya da kifin, ta ci loma uku don kada in ji ba daɗi. Na yi mata alkawarin baɗi a zango zan sauka, in kawo mata tun ranar farko. Ta ce Allah ya kai mu.

Bai kai ta ba. Ina wurin ajiye bas, lokacin sanyi, aka bugo mini waya cewa ta rasu.

Bororon nan kuwa sati biyu kawai ya yi, sitiyari ya goge shi tas. Na riƙa duba tafin hannuna a duk jar danja, ina so ya daɗe. Shi ne abu na ƙarshe da ta taɓa a jikina.