Guringuntsin Raƙumi da Bushin Motar Modu

A Nguru muka tashi, ni da ƙanena Modu, a hannun Kaka mai bandar kifi. Bayan magariba takan zauna bakin wutar banda tana juya tarwaɗa, mu kuma muna jiran wadda za ta karye a ba mu. Ni da Modu ba ma kwana biyu ba mu dambace ba, don dukanmu taurin kai ne da mu. Kaka ba ta duka. Sai dai ta shige tsakaninmu ta zauna, ta ce, "Ga tawa nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta raƙumin tsere. Wai ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri suka haɗa baki suka kori guringuntsin gwiwa, suka ce laushinsa ne ke rage musu gudu. Da gari ya waye raƙumi ya fita kamar iska, ya bar kowa a baya. Kafin ya kai gida, ƙasusuwan sun ci juna, ya durƙushe bai sake tashi ba. "Kun gani ko, ja'irai?" in ji Kaka, tana nuna mu da ƙayar kifi. "Mai tauri da mai tauri, sai da mai laushi a tsakani." Mu dai dariya muke yi, hankalinmu na kan tarwaɗa.

Bayan rasuwarta muka yi wata 'yar rigima da Modu, wadda yau ko dalilinta ban iya tunawa. Shekara uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na zama makanike a Gashuwa, shi kuma ya faɗa wa tseren mota, irin na samari a miƙaƙƙen titi, wanda ya riga kaiwa ya ci. Abin yana ci mini rai, amma girman kai ya hana ni magana.

Ran nan sai ga shi a garejina. "Yaya, bushin lowa am nake so ka cire. Robar tana lanƙwasa in na tashi mota, taya na tsalle. A sassaƙa mini na ƙarfe zalla."

Bushin nan roba ce tsakanin hannun da ke riƙe taya da jikin mota. Gaskiyarsa, roba mai laushi ba ta tsere ba ce. Amma da motar nan yake bin gargadar hanyar Katuzu, kuma ƙarfe kan ƙarfe wata rana tsagewa zai yi, yana cikin gudu. Har na buɗe baki zan zazzage shi yadda na saba, shi ma ya ɗaure fuska yana jira. Sai na ga babu mai shiga tsakaninmu yanzu. In na ɗaga murya, fita zai yi ya sami wanda zai sa masa ƙarfen.

Na ce, "Zauna, Modu. Akwai roba mai tauri, ba ta lanƙwasa sosai, ba ta kuma cin ƙarfe. Ka gwada don ni."

Na shafa wa sababbin robobin giris na danna su, na sauke motar daga jak, sai da nauyinta ya zauna kan tayoyi sannan na ɗaure notuna. Shi da kansa yake miƙo mini sifana.

Da ina yaro na ɗauka laushi ragwanci ne. Sai ranar na gane aiki ne, kuma babba ya kamata ya ɗauka. Ban tambaye shi ko ya ci tseren ba. Ranar Juma'a dai ya zo gidana da matarsa, muka ci tuwo kwano ɗaya.