Ranar da Kawu Ya Fassara Mini Dabara

Jiya na ji wani ɗan siyasa a rediyo yana ta maimaita kalmar dabara, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Lokacin da soja ke shirin miƙa mulki na tsaya takarar kansila a Tarauni, abokin karawata kuwa aminina ne tun firamare. Wata la'asar na tarar da Kawu a ƙofar gidansa a Gyadi-Gyadi, yana kurɓar shayi mai ƙamshin kanumfari. Na ce masa mun samo dabara, za mu baza cewa takardun aminina na jabu ne.

Ya ajiye kofin, ya ce, "Ɗana, kalmar nan daga Larabci ta zo. Ma'anarta duban ƙarshen al'amari kafin a shige shi. Kai ka dubi ƙarshen wannan?"

Na yi dariya, na ce zamani ya canja.

Na ci zaɓe, aminina bai sake yi mini magana ba. Kunya ta hana ni komawa wajen Kawu har ya rasu.

Allah ya haskaka makwancinsa, ni kuma ya ba ni zuciyar neman gafarar wanda na zalunta.