Ɗandije Ya Turke Kifi

Duk wanda ya taɓa neman ragon layya a Filinge ya san Ɗandije, in bai san fuskarsa ba ya san bakinsa. Mutumin Tabla ne, gajere mai faɗin kafaɗa. Tun yana saurayi ya bar gonar gero ya shigo gari ya kama turkar raguna. Sana'ar kam ya iya ta, ba zan tauye shi ba. Ka kawo masa rago haƙarƙari a waje, kafin Sallah wuyansa ya yi ninki. Dussa, harawa, kanwa, sai surutu. Kirarinsa guda ne: dabba ba ta taɓa ramewa a hannunsa ba, balle ta mutu. Da wannan suna yake ci, don shi ke sa mutane su kawo masa ragunansu ya turke.

Ni ga-ruwa ne, ni ke kai ruwa gidansa a bido, wato jarka, shi ya sa abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Akwai ɗiyar ƙanwarsa, Zuwaira, ungozoma ce a gidan likita. Daga Yamai ta zo da wani akwatin gilashi da ƴan kifaye masu jan wutsiya, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ba a ci, ba a sayarwa, kallo kawai. Da aka tura ta aiki Abala na ɗan lokaci, sai ta kawo akwatin gidan kawunta, ta miƙa masa gwangwanin abincinsu.

"Kawu, abin da yatsu biyu suka tsunkuno, sau ɗaya a wuni. Kada ka ƙara. Ruwan kuma a riƙa ragewa ana zuba sabo."

"Ke ɗiyata, ni za ki koya ma kiwo? Tun uwarki tana goye nike turka."

Tana fita ya tsunkuno abincin, ya dube shi a tafin hannu, ya yi tsaki.

"Wagga rowa ta ƴan lakkol, ƴan boko! Ko tururuwa ba ta ƙoshi da wannan."

Kafin mako ya zagayo gwangwani ya ƙare. Ya koma dussa. Daga dussa sai garin ƙuli-ƙuli, daga nan sai sauran furar rana. Ruwan da a da kake hango bango ta cikinsa ya koma kamar ƙasari. Na ce masa ruwan nan ya fara wari, bari in rage in zuba sabo. Ya tare ni da hannu.

"Romon za ka zubar? Nan amfanin yake. Kai dai ɗauki bidonka."

Na ɗauki bidona.

Ba a daɗe ba cikin kifayen ya fara tasowa. Ɗandije ya fita ƙofar gida yana kiran mutane su zo su ga hannu. Ya ce a wurin Zuwaira kamar tsinke suke, ga shi yanzu sun yi tumbi. Har ya fara cewa in ta dawo sai ta kasa gane su. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Sai wata safiya aka ga guda yana iyo a karkace, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya. Sauran sun lafe a ƙasa suna haki. Nan da nan rumfar gidan ta cika da masana, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin kifi a cikinsu sai busasshe a kasuwa.

Tabawa, matarsa, ta ce ciki ne, ƙwai suka ɗauka.

"Dukansu?" in ji Alhassan mahauci. "To ina mazan? Tsutsa ce, na sha gani a hanjin awaki. A ba ni guda in farka mu duba."

Magagi, maƙwabcinsu ɗan bori, ya girgiza kai. Ya ce abin ruwa da masu shi. An ɗauko shi an kulle a ƙasar da babu gulbi, ba sallama ba ban haƙuri, ai dole su nuna fushinsu. Farar kaza za ta gyara.

"Kazar a cikinka za ta gyara," in ji Alhassan.

Tabawa ce ta gaji ta kira Zuwaira a waya, ta buɗe murya kowa na ji. Zuwaira ta ce ƙwai na kumbura ciki, tsutsa ma haka, amma in duka suka kumbura lokaci guda, to abinci ne ya cushe musu, ko kuma ruwan ya ɓaci. Wanda ɓawonsa ya miƙe, ruwa ne ya taru a cikinsa, da wuya ya tashi, a ware shi. Sauran a hana su abinci na ƴan kwanaki, a riƙa canja ruwa kaɗan-kaɗan.

"Kawu, me kake ba su?"

"Abinci," in ji shi, ya karɓe wayar ya kashe.

Magani dai ga shi an faɗa, ba ya buƙatar komai sai a naɗe hannu. Amma a gaban jama'a a ce Ɗandije ya sa dabba azumi? Ya ce kumburin ciki ba baƙonsa ba ne, raguna nawa ya tayar. Ya jiƙa jar kanwa a ƙwarya, ya cika ludayi ya juye a akwatin.

Da na kawo ruwa washegari, kifayen suna sama, farin cikinsu na kallon rufi. Biyu ne kawai ke motsi. Ɗandije ya kwashe matattun ya binne bayan turke, ya ce kada maganar ta fita. A gidan da Magagi, mai bakin da ba ya riƙe magana, ke shiga!

Abin da ya ceci biyun nan kasuwar garin Damana ce. Ya kai raguna can ya yi ƴan kwanaki, ya bar wa Tabawa umarnin dussa safe da yamma. Tabawa ta zuba wa kaji dussar. Ta sa ni ina ɗebe ruwan kaɗan ina zuba sabo wanda ya kwana ya kwanta. Kafin Ɗandije ya dawo cikinsu ya saɓe, suna zagaye akwatin suna kaɗa wutsiya. Ya leƙa ya riƙe baki.

"Kun ga abin da nike gudu! Na juya baya kun ramar da su."

Zuwaira ta dawo ta ƙirga kifayenta, ƙirgar ba ta ɗauki lokaci ba. Ta ce, "Sannu da kiwo, Kawu," ta sa aka ɗauke akwatin.

Ranar kasuwa wani mutumin Tondikandiya ya jawo ragonsa zai ba shi turka. Ɗandije ya fara kirarin da ya saba, sai Alhassan ya ɗaga murya daga rumfarsa.

"Tambaye shi kifi!"

Mutumin ya nemi bayani, aka ba shi har da ludayin. Ɗandije ya daka tsalle.

"Kifi dabba ne? Ƙafa gare shi? An taɓa layya da shi?"

Mutumin ya dubi ragonsa, ya dubi Ɗandije, ya naɗe igiya a hannu ya yi gaba.

Har yau yana turka, kuma ragunansa na ƙiba. Kirarin ne dai ya yi wutsiya. Yanzu cewa yake dabba ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba, sai ya ɗan waiga ya ga ko Alhassan na kusa, sannan ya ƙara: mai ƙafa huɗu.